Tambayi Malamin Gona: Jiƙon taki da Turawa ke kira shayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ina da buhu 14 na tumatir da attaruhu da na shuka a bayan ɗakinmu. A waya nake ganin bidiyon wasu 'yan Amurka da Kanada masu shuka tabar wiwi a gidajensu, suna zuba taki a bokitin ruwa, su ƙara abin zaƙi, su sa injin hura iska ya kwana yana ɓulɓula, sai su ce sun haɗa wa shuka shayi. Shukar tasu kuwa ta yi shar. Wallahi ni ba wiwi nake shukawa ba, dabarar kawai nake so. Shin za ta yi wa tumatir? Yaya ake haɗawa? Kuma zan iya daina sayen takin zamani, tunda kuɗinsa ya fi ƙarfina? Daga wani ɗalibi, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wannan tambaya, domin yaron da ya cika buhu 14 da ƙasa ya shuka abin miya ya riga ya kama hanya. Na kuma yarda da rantsuwarka. Amma tunda ba kai kaɗai ke karanta wannan fili ba, bari in faɗi abu ɗaya tukuna. Waɗancan mutane da kake gani dokar jiharsu ko ta ƙasarsu ce ta ba su dama. Jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun halatta wiwi a 2012, Kanada ta bi baya a watan Oktoba na 2018, inda dokar tarayyarsu ta yarda gida ɗaya ya shuka tushe 4. A Najeriya kuwa noman wiwi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1966, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da aka kafa a 1989 kamu take yi, hukuncin ɗauri ne mai tsawo. A Nijar ma haramun ne. Na ga samarin da hayaƙin nan ya lalata, 'ya'yan mutanen kirki, don haka ba zan koya wa kowa nomanta ba. Maganar taki da ƙasa kuwa ta kowa ce, tumatir ɗinka ma yana da haƙƙi a ciki.

Abin da suke kira shayi ni jiƙon taki nake ce masa, don jiƙo ne kamar yadda iyayenmu mata ke jiƙa saiwa ko sassaƙe a ruwa. Ana ɗaukar takin da ya riga ya ruɓe ya nuna, a jiƙa shi, sai ruwan ya ɗebo abu biyu: ɗan sinadarin abincin shuka da ya narke, da ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke rayuwa a cikin takin. Waɗannan halittu su ne ke cin ganye da kara da kashin dabba su mayar da su ƙasa mai kyau. Manufar masu jiƙon ita ce a ƙara yawansu a cikin bokiti sannan a kai su gindin shuka. A shekarun 1980 wani masani a Jami'ar Bon ta Jamus, Heinrich Weltzien, ya yi gwaji da jiƙon da ba a hura wa iska ba, ya ga yana rage wasu cututtukan ganye, musamman na inabi. Salon injin iska da ka gani kuwa wata masaniyar halittun ƙasa ce 'yar Amurka, Elaine Ingham, ta yaɗa shi tun shekarun 1990 daga jihar Oregon. Daga nan masu wiwi suka ɗauka suka riƙe hannu bibbiyu, kuma dalilinsu a fili yake. Tushe kaɗan doka ta ba su, a tukwane suke shukawa, abin da suka girba hayaƙinsa za su zuƙa, shi ya sa suke gudun maganin feshi, sannan suna da kuɗin kashewa.

To amma ka lura da kyau. Koren da ka gani a bidiyo ba aikin bokitin nan kaɗai ba ne. Mutumin ya sayi iri zaɓaɓɓe, ya sayi ƙasar da aka haɗa da taki iri-iri, yana da fitilu na musamman da na'urar daidaita zafi, ga ruwa ba ya yankewa. Ko ruwan rijiya zalla ya ba shukar nan za ta yi kyau. Masana da yawa, irin su Linda Chalker-Scott ta Jami'ar Jihar Washinton, sun daɗe suna cewa sakamakon gwajin jiƙon mai iska ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau ya yi aiki a gonar wani, gobe a maimaita a wata gona a ga babu bambanci. Ni ma abin da idona ya gani ke nan a shekarun da na yi ina yawon lambuna. Inda jiƙo ya fi nuna kansa shi ne a irin yanayinka, wato shuka a buhu ko tukunya da ƙasarta ta gaji, da kuma ranar dashe, lokacin da saiwa ke neman kama sabuwar ƙasa. A gonar da aka saba zuba mata taki duk shekara, da wuya ka ga wani canji.

Saboda haka aikin gaske yana wurin takin da za ka jiƙa. In takin ya nuna, jiƙonsa zai yi kyau. In ɗanye ne, ruwan ƙazanta kawai ka haɗa. A nan nake so ka zuba ƙarfinka, kuma ba ya cin ko sisi.

Nemi inuwa a gefen gida ka haƙa rami mai zurfin kamu uku, faɗinsa kamar taku ɗaya da rabi. In ba wurin haƙa, tara shi a ƙasa ka jingine da tubali. A ƙasa ka shimfiɗa busassun abubuwa: karan dawa ko na masara da aka sassara, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, busasshen ganyen darbejiya da aka share. A kai ka zuba ɗanyun abubuwa, irin su ɓawon kayan miya, ragowar alayyahu da kabeji da masu gwari ke zubarwa, ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba. Sai kashin awaki ko na tumaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa har ya cika, busasshe ya fi ɗanye yawa, kamar kashi biyu ko uku bisa ɗaya. Kada ka sa nama, ko mai, ko kashin kare da kyanwa, ko bayan gidan mutum. Kada ka ɗebo daga bola, domin bolar birni ta yanzu ba irin ta da ba ce. A da jakuna ke fita da takin shara daga cikin Kano zuwa gonakin kewaye, shi ya riƙe ƙasar nan ana nomanta shekara da shekaru ba hutu, amma wancan shara toka ce da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Ta yau cike take da leda da batir da kwalba.

Ruwan da za ka ba shi daidai misali ne. Ka damƙi takin a hannu ka matse. In ruwa ya zubo, ya yi yawa. In ya wargaje kamar gari, ya bushe. Abin da ake so ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. Ka rufe da tsohuwar tabarma ko buhu, ka soka sandar ƙarfe a tsakiya ka bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro ta. In ta yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa, aiki ya kama. Wannan zafi shi ne sirrin duka, domin shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A ƙa'idar noma mara sinadari ta Amurka, takin da aka jera a fili sai ya riƙe zafin digiri 55 zuwa sama na kwana 15, ana juya shi sau 5, kafin a kira shi nunanne. Kai ma ka riƙa juyawa duk mako, na gefe ya koma tsakiya, kana ƙara ruwa in ya bushe, musamman da hunturu da iska ke shanye komai. Da zafin ƙasarmu, cikin wata biyu zuwa uku zai huce ya yi baƙi, ba ka gane ganye daga kara, ƙamshinsa kamar na ƙasa ranar ruwan farko. In ka ga tana a ciki, alhamdulillahi.

Yanzu ga jiƙon. Hanyar da na fi so wa mutanenmu ita ce mafi sauƙi. Ka samu bokiti mai lita 20, irin robar fenti da aka wanke tas, wadda ba a taɓa dama maganin feshi a ciki ba. Cika shi da ruwan rijiya ko na burtsatse ko na sama. In na famfo ne ka bar shi a buɗe ya kwana, sinadarin kulorin da ake sa wa don kashe ƙwayoyin cuta ya fita, tunda shi ba ya bambance halitta mai amfani da mai cutarwa. Ka auni taki kashi ɗaya ga ruwa kashi goma, wato lita 2, kamar cikin babbar robar lemo da aka yanke wa kai. Ƙulle shi a tsohon zane mai tsabta. Kada ka yi amfani da yankin gidan sauro, domin wanda ake rabawa a asibiti yana da maganin ƙwari a jikinsa. Tsoma ƙullin a ruwa ka yi ta matsawa kana murzawa kamar mai tatar koko, na minti goma ko sha biyar, har ruwan ya yi launin shayi marar madara. Shi ke nan. Ka zuba a gindin kowace shuka kamar kofi biyu zuwa lita ɗaya, da sassafe ko bayan la'asar, kan ƙasar da ta riga ta sha ruwa. Tukar da ta rage ka zuba a saman buhunan, ba a zubar da ita.

In kana so ya ɗan tsimu, bar ƙullin a ciki kwana uku zuwa biyar a inuwa, kana motsawa da sanda safe da yamma, ka rufe bakin da ƙyalle don sauro kada ya yi ƙwai. Hancinka ne alƙali. In yana ƙamshin ƙasa, yi amfani da shi. In ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na kwata, mayar da shi kan tarin taki, kada ya taɓa shuka.

Maganar inji da abin zaƙi kuwa, a nan ne nake so ka saurare ni sosai, don nan ne dabarar Turawa ke cin karo da yanayinmu. Abin zaƙin da suke zubawa ruwan rake ne mai kauri, ɗan'uwan mazarƙwaila. Suna sa shi don halittun su ci su hayayyafa da sauri. In sun hayayyafa sai su shanye iskar da ke cikin ruwan, shi ya sa ake buƙatar injin, irin na masu kiwon kifi, ya yi ta hurawa awa 24 zuwa 36 ba tsayawa, sannan a yi amfani da jiƙon cikin 'yan awanni bayan an kashe. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe iskar shaƙa kamar miligiram 9 a kowace lita. In ya kai digiri 35, abin da ba wuya bokiti ya kai a Kano cikin watan Afirilu, sai ya koma wajen 7, alhali masu wannan sana'a suna so kada ya sauka ƙasa da 6. Ka ga tun kafin a fara tazarar ta yi kaɗan, ga shi kuma zafi na sa halittun su ƙara saurin ci. Sai a ɗauke wuta da tsakar dare. Kafin asuba iskar ta ƙare, waɗanda kake so sun mutu, waɗanda ke son ruɓa sun karɓi bokitin. Ya faru da ni a farkon gwajina: na tashi na tarar da kumfa ta kwanta, wari ya cika zaure, dole na mayar da shi rami.

Abin da ya fi wari muni shi ne wanda hanci ba ya ji. Suga ba ya zaɓar wanda zai ciyar. In akwai ragowar ƙwayoyin da ke sa gudawa da amai a cikin takin, su ma za su ci su ninku. Masu bincike na Ma'aikatar Gona ta Amurka sun nuna haka a 2007: ƙarin abinci irin wannan a cikin jiƙo yana haɓaka ƙwayoyin E. coli da Salmonella, ko da ana hura iska. Kai kuwa tumatir ne, ƙannenka za su tsinka su ci ɗanye. Don haka shawarata kada ka sa mazarƙwaila, kada ka sa suga, kuma ka zuba a gindi, kada ka fesa a kan 'ya'ya. In kana da sola da ƙaramin injin iska kana son gwadawa, ba laifi, amma da taki da ruwa kawai.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce wadda na san ta fi damunka, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Jiƙo ba zai maye gurbin taki ba. Kilo ɗaya na busasshen takin gargajiya yana ɗauke da sinadarin naitirojin giram 10 zuwa 20, kuma mafi yawansa a ɗaure yake, sai a hankali yake sakin kansa cikin watanni. Ɗan abin da ke narkewa a bokiti kaɗan ne ƙwarai. Kilo ɗaya na takin zamani na yuriya kuwa giram 460 ne. Tumatir mai ci ne, balle a buhu da saiwa ba ta da inda za ta je nema. Abin da zai rage maka sayen takin zamani shi ne takin kansa: lokacin cika buhu ka haɗa kashi ɗaya na nunannen taki da kashi biyu na ƙasa, sannan duk bayan mako uku ka ƙara tafi biyu a sama ka rufe da busasshiyar ciyawa. Manoman Illela da Tahoua a Nijar da wannan hikima suka farfaɗo da fako: su haƙa ƙananan ramukan da suke kira tassa, su zuba tafi ɗaya ko biyu na taki a kowane, gero ya tashi inda da ko ciyawa ba ta fitowa. In ka ga ganyen ƙasa ya soma rawaya lokacin fure, cokalin shayi ɗaya na takin zamani na NPK a gefen buhu, nesa da kara, ba zai karya aljihunka ba. Jiƙon kuma ka ba su duk mako biyu. In kana son ka gani da idonka, ware buhu 7 ka riƙa ba su, 7 ka bar su da ruwa zalla, komai nasu ɗaya, ka ƙirga abin da kowane ɓangare ya ba ka. Ka rubuto mini sakamakon, zan buga shi a nan.

TAMBAYA: Malam, ni kashin kaji nake jiƙawa a durom in shayar da salati da yakuwa da zogale a garkata. Shi ne wannan shayin da ake faɗi? Daga wata uwargida, Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara albarka a garkar nan. Ba shi ba ne. Naki ruwan ɗanyen kashi ne, yana da ƙarfi fiye da jiƙon nunannen taki nesa ba kusa ba, shi ya sa kike ganin ganye na tashi. Amma yana da haɗari biyu. Na farko yana ƙona saiwa in bai sha ruwa ba, don haka sai kin surka shi har ya yi fari-fari, kamar kashi ɗaya cikin goma. Na biyun shi ne ya fi tayar mini da hankali. Kashin kaji gida ne na ƙwayar Salmonella, salati kuma ɗanye ake ci, ganyensa a ƙasa yake kwance, wanki ɗaya ba ya fitar da komai. Ƙa'idar da na ambata ta Amurka ta ce in an zuba ɗanyen kashi, a jira kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Salati kuwa bai kai wannan kwanakin ba ake cire shi. Ki daina ba shi wannan ruwa daga yau. Ki bar wa masara da bishiyoyin mangwaro da lemo. Zogale ma a gindi kawai, kada ya fantsama a ganye. Sauran kashin ki tara shi da kara da ganye yadda na faɗa wa ɗan Kano, ya yi zafinsa ya huce, sannan ya shiga fangalin salati kafin dashe. Ki rufe durom ɗin da murfi mai nauyi saboda yara, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

TAMBAYA: Shin in na fesa wannan jiƙo zai kashe sharon a tumatir? Daga manomin rani, Kura.

AMSA: Ba zai kashe ba, ɗan'uwa, kuma duk wanda ya zo sayar maka da shi a jarka da sunan maganin sharon kada ka ba shi kuɗinka. Tsutsar nan, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ita ce ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma cikin naman ganye take shiga ta ɓuya, inda ruwan taki ba ya kaiwa. Abin da ke taimako shi ne ka fara da dashe mai tsabta, ka riƙa duba gona kullum kana tsinke ganyen da ya yi farin tabo kana binnewa, ka sa tarkon ƙamshi da ke jawo mazan malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar don ka san lokacin da suka iso, ka yi feshin jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma tun ƙwarin ba su yi yawa ba. Bayan girbi ka tattara karan ka ƙone, kada ka maimaita tumatir a fili ɗaya kaka bayan kaka. In har sai an yi feshin magani, ka nemi malamin gona na yankinku ya zaɓa maka, kuma ka riƙa canza iri, domin tsutsar tana saurin sabawa da magani ɗaya.